Bawana Zai Shiga Daji da Babur

Ɗan goggo, sai ka fara gaishe ni kafin in amsa, don ba a taɓa jin ubangida ya riga bawansa gaisuwa ba. To, lafiya lau, ya mutanen Zazzau? Labari ya iso Kano cewa ka ƙulle bakin aljihu, ka daina sayen tsire da daddare, ka hana uwargida kuɗin anko, wai kana tara kuɗin babur na hawan duwatsu da ratsa burtali. Ba sabo ba, na hannu, mai sauƙin kuɗi. Goggo ce ta kira ni. Ba ta ce in hana ka ba, ta san tun kana rarrafe ba ka jin bari, cewa ta yi in sa baki kada a wanke ka a kasuwa. Kuma ta yi daidai da ta kawo ƙara inda ya kamata. Mahaifina wanta ne, saboda haka tun ranar sunanka kake cikin dukiyata. Da aka tashi yi mata aure kuma sai aka kai ta Zariya, ka fito Bazazzagi, ni kuwa Bakano. Bauta biyu ke wuyanka. Duk dillalin da ya cuce ka, kayana ya taɓa.

Na ga hoton abin da ranka ya biya, wanda ka liƙa a fuskar wayarka: jan babur mai dogayen ƙafafu, siririn sirdi, taya duk ƙuraje, wani yaro ya tashi da shi sama ƙasa na binsa. Honda CRF450R ke nan. Tunda ku Zage-zagi kun ce ku ne masu boko, ka karanta harafin ƙarshe. A gidan Honda, CRF da ta ƙare da R ta tsere ce, wadda ta ƙare da F ta yawon daji ce, wadda ta ƙare da L kuma ita ce mai fitila da sigina da wurin ɗaura lamba. Wannan da ka zaɓa ba ta da fitila, ba ta da ƙafar jingina, ba ta da makulli, tankinta lita 6 ne da 'yan kai. Tsayin sirdinta daga ƙasa ya kai santimita 96. Ni da na san tsawonka, na san kuma inda tumbinka ya kai bana, in ka samu aka ɗora ka a kanta, sai an biyo ka da turmi duk inda za ka tsaya. Ƙarfinta ya haura na doki 50, alhali Boxer ɗin 'yan acaɓa da kake riƙe ƙugun direba in ya ja ta da ƙarfi, ba ta wuce doki 8 ba.

Ba ma tsayin ne babbar matsalar ba. Babur ɗin tsere da awa ake lissafin ransa. Littafin kamfanin kansa ya ce bayan kimanin awa 15 na tsere a juye baƙin mai, a sauya fistin da ringi. Kai da motarka sai fitilar baƙin mai ta yi mako tana kuka kafin ka kai ta gareji! Sannan injin da ruwa ake sanyaya shi, ga lagireto amma babu fanka, don an yi shi ne ya riƙa tsaga iska da gudu. In ka shiga da shi tsakanin duwatsu kana lallaɓawa, wanda kuma na san lallaɓawar za ka yi, ruwan zai tafasa. Giyarsa ta ɗaya ma doguwa ce, ka ɗan sassauta masa mai sai ya mutu. To idan ka ga irin wannan a hannun 'yan Kwatano da kuɗin da ya yi maka daɗi, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai shi na can Turai ko Amurka ya ƙirga awoyinsa, ya ga lokacin babban gyara ya zo, ya tura maka gyaran a cikin kwantena.

Na san abin da ya ruɗe ka: hotunan tseren Dakar da kake kwana kallo har cajinka ya ƙare. Bari in ba ka tarihin, don ka san abin da kake kwaikwayo. Wani Bafaranshe ne, Thierry Sabine, ya ɓace da babur a Sahara a 1977 lokacin tseren Abijan zuwa Nice. Da Allah ya kuɓutar da shi, maimakon ya tuba, sai ya ce kowa ma ya zo ya ɗanɗana. Aka tashi daga Faris a ƙarshen Disamban 1978, aka ratsa Aljeriya, aka bi ta Agadas da Yamai, aka isa Dakar a Janairun 1979. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan Yamaha XT500 ya yi tafiyar: silinda ɗaya, iska ke sanyaya ta, da ƙafa ake tayar da ita, babu kwamfuta ko ta anini a jikinta. Wato ita kanta hamadar, babur marar tarkace ne ya fara cin ta. Tseren ya bar Afirka bayan an soke na 2008, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya, kuma baburan da kake gani yanzu yawancinsu da motar makanikai da kayan gyara tana biye da su. Kai wa zai biyo ka? Ɗan autanka da galan?

Akwai ma wani labarin hamadar da ya fi dacewa da kai. A Tenere, gabas da Agadas, an yi wata bishiya guda ɗaya tak, babu wata a kusa da ita har tafiya mai nisan gaske. A 1973 wani direban babbar mota ya zo, duk faɗin Sahara bai ishe shi ba, ya banke ta. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai har yau. Ban binciki asalinsa ba, amma in aka bi salsala da wuya a rasa masa dangi a Tudun Wada.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Babur mai araha shi ne wanda bakaniken ƙauyen da ya mutu maka a ciki ya san cikinsa, mai shagon kusa da shi kuma yana da kayansa a rataye. Kuɗin da ka miƙa wa dillali somin taɓi ne. Abin da zai nuna ko ka yi ciniki ko an yi cinikinka shi ne ranar da kebul ɗin kuloci ya tsinke maka a bayan Kufena ana kiran la'asar. Idan amsar da bakanike zai ba ka ita ce sai an aika Legas ko Nnewi, ko a jira wani ya taho da shi daga Dubai, to ka sayi abin ado na zaure. Da wannan ma'aunin za ka auna duk wanda aka nuna maka, kafin launi, kafin ƙara, kafin abin da abokanka na ofis za su ce.

Da ni ne kai, Allah ya kiyaye, Yamaha AG200 zan fara nema. Manoman Ostareliya da New Zealand aka ƙera wa shi tun a shekarun 1980, don bin tumaki a gona, ka ga ke nan tun asali an yi shi don talakawa irinka. Cen ɗinsa a rufe yake cikin gida, ƙura da laka ba sa cin sa. Ƙafar jingina biyu gare shi, hagu da dama, duk ɓangaren da ƙasa ta ba ka dama ka jingine. Ga kariya gaba da baya, ga ƙarfe da ya kare hannu daga reshe, ga giya ta ɗaya gajera wadda za ta hau tudu da kai a hankali ba tare da ka ƙona kuloci ba. Sirdinsa bai fi santimita 83 ba, ƙafarka za ta taɓa ƙasa ko da da kan yatsu ne. Ba shi da kyau, wannan kam gaskiya ce, ba wanda zai tsayar da kai ya ɗauki hoto. Amma irinsa ne ƙungiyar Riders for Health ta ɗora ma'aikatan lafiya a kai suna shiga ƙauyukan Afirka da babu hanyar mota, irinsa ne kuma malaman gona da masu allurar rigakafi suka daɗe suna hawa. A layinsa akwai Yamaha XTZ125, da Honda XL125 da XR150L, da Suzuki DR200. Duk iska ke sanyaya su, duk masu kafireto ne, tankinsu kuma lita 10 zuwa sama. Hanyar samunsu da sauƙi ita ce gwanjon da hukumomi da ƙungiyoyin agaji kan yi in aikinsu ya ƙare. Sai dai ka sani, babur ɗin ma'aikata hannu goma ne ya hau shi, kuma ba kowane hannu ne ya ɗauke shi nasa ba. Wani ka same shi da littafin gyara cikakke, wani kuwa tun da aka raba shi bai ga sabon baƙin mai ba sai ranar da mai duba aiki zai zo.

Za a nuna maka tsofaffin Honda XR250R ma, kuma babur ne na ƙwarai, ba na musu. Amma an daina ƙera shi tun 2004. Mafi ƙuruciyarsu ya girmi babbar 'yarka. In ka samu mai lafiya, ka tambayi kanka inda za ka samo masa bawul da cen ɗin cikin inji kafin ka yi tayi. Haka Yamaha DT125 da DT175, masu bugu biyu, masu shan fetur haɗe da baƙin mai irin tsohuwar Vespa ɗin kawu. Ba su da nauyi, gyaransu babu wuya, ba bawul ba komai, in ka murɗa kuma su zabura. Amma suna shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba mai yi wa fetur kallon banza. Suna kuma da ɗan famfon da ke auna musu baƙin mai da kansa, wanda makanikai da yawa kan cire su ce a riƙa haɗawa a tanki. Ranar da ka manta ba ka haɗa ba, fistin zai kama, tafiya ta ƙare. Mutumin da ya taɓa zuwa ɗaurin aure ya bar goron a gida bai kamata a ba shi amanar awon mai ba.

Akwai kuma 'yan China masu siffar babur ɗin daji, masu 150 ko 200, da sunaye iri-iri. Kada ka yi musu kallon raini. Da yawansu injin Honda CG aka kwaikwaya, wanda ya fito a 1975 bayan injiniyoyin kamfanin sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake wahalar da babur, a yi masa lodi fiye da kima, a bar baƙin mai har ya zama kwalta. Suka koma suka ƙera injin da zai jure sakaci. Kai aka yi wa shi tun ba a san za a haife ka ba. Kayan injin nan ko a Fanteka ko a Ƙofar Ruwa ba za ka sha wuya ba. Inda suke ba da kunya shi ne jiki: robobi su farfashe, noti su kwance, shokozoba ta saki da wuri, waldar firam ba ta kai ta Japan ba.

Sai kuma wanda na san za ka murtuke fuska in na ambata: Boxer. Eh, ita dai, ta Bajaj, ta 'yan acaɓa. Duk hanyar da kake mafarkin bi a bakin Galma ko bayan Shika, yau da safe wani ya bi ta a kan Boxer da buhun masara biyu da matarsa da akuya, bai kuma sa hoton a Facebook ba. Akwai ma samfurinta mai 150 da aka ɗaga wa madigadin gaba aka sa mata taya mai ƙuraje. Ba ta kai na dajin gaske ba: cikinta kusa da ƙasa yake, dutse zai riƙa dukan inji, shokozobarta gajera ce, bayanka zai gaya maka, tayarta kuma inci 17 ce, alhali na daji inci 21 ne a gaba, 18 a baya, abin da ke sa su haye rami da saiwa ba su tuntsura ba. Amma juya maganar ka gani. Tib mai inci 17 ko a ƙauyen da ba shi da rijiyar burtsatse akwai shi. Mai inci 21 fa? In ƙayar aduwa ta yaga maka shi fiye da yadda mai faci zai iya, sai dai ka kwana a gidan mai unguwa. Saboda haka in ka sayi mai babbar taya, tib na ajiya da famfo da ƙarfen cire taya su zama ba sa rabuwa da kariyarka. Na san dai girman kai ba zai bar ka ka hau Boxer ba, kada ɗalibai su tsayar da kai su ce Samaru nawa.

To, a ce ka samu wanda ya kwanta maka. Sayen babur na hannu sayen ragon layya ne: yaro ke kallon ƙaho, mai hankali baki yake buɗewa ya ga haƙora, ya taɓa gadon baya. Ka je da sassafe, ka kuma gaya wa mai shi kada ya tayar kafin ka zo. Da isarka, kafin gaisuwa ta yi nisa, ka ɗora bayan hannunka a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga ka, an gasa shi ne don ya tashi bugu ɗaya a gabanka. Ka ce za ka dawo gobe. Injin da ya kwana a sanyi ba ya ƙarya. Ka taka kik da kanka a hankali, ka ji ko yana turjewa. In ya tafi salalaf babu tauri, matsin cikinsa ya zube. In ya tashi, ka koma bayan salansa ka tsaya. Mai bugu huɗu da ke fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, ringi ko bawul sun gaji. Ka kasa kunne kusa da kan inji: ɗan ƙyas-ƙyas na bawul ba abin tsoro ba ne, saiti ne, amma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa kuɗi ne masu yawa ke sallama.

Wurin da mutane ba sa dubawa, kuma shi ya fi tona asiri a ƙasarmu, shi ne gidan matatar iska. Ka sa a buɗe, a zare soson, ka zura yatsa a maƙogwaron da ya nufi kafireto. In yatsanka ya fito da ƙura, to injin ya sha hunturu bayan hunturu yana haɗiyar rairayi, kuma rairayi a cikin silinda aikin fayil yake yi. Ko da yau yana tashi, kwanansa ƙirgagge ne. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza a yatsa. Baƙi ƙirin mai kauri sakaci ne. Mai ƙyalli-ƙyallin ƙarfe ciwo ne. Sabo fil kuwa, wanda aka zuba jiya, ba shaidar kirki ba ce, ba kuma ta tsiya ba, ya dai nuna an san za ka zo. Sannan ka tsuguna, na san da wuya amma ka daure, ka leƙa ƙarƙashin inji. Can ne dutse ke duka. Ka nemi tsagewa, ka nemi inda aka shafe da gam, ka duba notin juye mai ko an taɓa kashe masa zare.

Daga nan a ɗaga shi a kan bulo, tayoyi su bar ƙasa. Ka kama tayar baya da hannu biyu ka girgiza ta gefe da gefe, in tana wasa boris ya tafi, ko na taya ko na hannun da ke riƙe da ita. Ka juya kan babur hagu da dama a hankali, in ka ji yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ne. Ka shafa sandunan shokozobar gaba, in da maiƙo, robar ta mutu, in kuma sandar da kanta ta yi tsatsa ko ƙwarzane, sabuwar roba ma ba za ta daɗe ba. Ka ɗauki sifana ka bi sifok ɗaya bayan ɗaya kana ɗan bugawa: mai lafiya ƙara yake yi siririya, sakakke kuwa sai ka ji ɗif. Ka murza taya ka ga ko rim na rawa. Haƙoran da cen ke bi, in sun yi tsini sun karkace gefe guda, cen da su duka za ka sauya, ka cire kuɗinsu daga tayinka. Duk waɗannan gyara ne na kuɗi kaɗan, makamin ciniki ne, ba dalilin fasawa ba. Abin fasawa shi ne firam. Ka duba wuyansa da inda matakan ƙafa suke da ƙarƙashin sirdi. In ka ga walda da ba ta kamfani ba, ko sabon fenti a wuri guda alhali sauran jiki ya koɗe, ka yi musu sai an jima. Agogon kilomita kuwa kada ka ko kalle shi, yawancinsu kebul ya tsinke tun zamanin mulkin soja. Matakin ƙafa da ya siɗe da hannun birki da ya yi sanƙo sun fi shi faɗin gaskiya.

Ka hau ka zagaya, ka shiga kowace giya, ka murɗa mai sosai a ta uku. In inji ya yi ihu babur bai ƙara sauri ba, kuloci na zamewa. In giya ta fita da kanta, aikin buɗe inji ne. Gwaji na ƙarshe kuma naka ne, ba na babur ba: ka nemi izinin mai shi, ka kwantar da shi a ƙasa a hankali, ka ɗaga shi kai kaɗai. Irin waɗannan kilo 110 zuwa 130 suke. A daji faɗuwa dole ce, kuma ba kullum ne za a samu Bafulatanin da zai taimaka maka ba, in ma an samu sai ya gama dariya. In ba ka iya ɗaga shi a kan siminti da ƙarfin safiya ba, ba za ka ɗaga shi a cikin laka da azahar ba.

Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka yarda da bakaniken da dillali ya kira maka, la'adarsu ɗaya. Ka ɗauki naka, ka biya shi kuɗin yininsa. Wajen ciniki kuwa, don Allah ka rufe bakinka. Na san ku, da an ce albarka sai ku fara Turanci. Kada ka yaba, kada ka ce ka daɗe kana neman irinsa, ka bar bakanike ya lissafa laifuffukan da ƙarfi, kai kuma ka riƙa girgiza kai kana kallon hanya.

Takardu kuma ba wasa a cikinsu, ko da ni da kai ne. Lambar inji da lambar firam su dace da abin da ke rasit harafi da harafi, kuma ka shafa wurin da yatsa ka tabbata ba a goge an sake bugawa ba. In ɗan Kwatano ne, takardar kwastam. In na gwanjo ne, takardar hukumar da ta sayar. A rubuta yarjejeniya, mai sayarwa ya sa hannu da shaidu, shugaban 'yan kasuwar ya sani. Babur na cikin abin da aka fi sata a ƙasar nan, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke kwana a caji ofis yana rantsuwa. Ni kuma ba zan zo beli ba sai na gama cin abinci.

Kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan babur. Ka ware kaso mai kauri, ko da ɗaya cikin huɗu, don ranar farko za ka juye mai, ka sa sabon fulogi, ka wanke kafireto, wataƙila da taya da cen. Sauran na jikinka ne: hular kwano ta gaske mai rufe haɓa, takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu, abin kare gwiwa. Lokacin da aka tilasta sa hular kwano a Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya a ka suna wuce jami'an kiyaye haɗurra, har labarin ya kai gidajen rediyon Turai. Kada ka ce a Kano aka yi, na riga ka, baƙi ne. Babbar riga da silifa kuwa ka bar su a gida, sifok ba ya sakin abin da ya kama. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan kusa da ni, zan riƙa kawo maka kunu, amma gara kada a kai ga haka.

Saura magana ɗaya da ba ta zolaya ba ce. Baturen da kake kallo yana shiga daji, abin da yake tsoro bai wuce santsi da reshe ba. A wajenmu babur a daji ya zama abin zargi, kuma da dalili. A Mayun 2019 rundunar soja ta hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Kaduna da Kano da Katsina da Zamfara. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jiharku ta hana hawansa baki ɗaya na wata uku. Dokokin nan suna sauyawa daga wuri zuwa wuri, sai ka tambaya kafin ka fita, ba bayan an tare ka ba. Mutum a kan dogon babur, fuska a rufe, ya ɓullo daga cikin dawa ba sallama, ko 'yan sintiri ko mutanen gari ba wanda zai tsaya tambayarsa ko malamin makaranta ne. Yammacin Giwa zuwa Birnin Gwari kada ka ko yi mafarkinsa. Inda za ka je, ka fara sauka gidan mai gari, ka cire hula, ka gaisa, ka faɗi ko kai ɗan wane ne, ka nemi yaron da zai nuna maka hanya. Ku tafi ku biyu ko uku, da katin shaida da takardun babur a aljihu, a gida a san inda kuka nufa, ku dawo kafin rana ta yi ja. Da damina kuma ka tsaya a kan turba, kada ka bi ta kan kunyar mutane. Manomin da ka tattake wa gyaɗa bai san Dakar ba, kuma fartanya na hannunsa.

In an sallama maka, kada ka nufi dutse a makon farko. Ka nemi filin ƙwallon firamare bayan an tashi, ka koyi tafiya a tsaye a kan matakai, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido can gaba ba a kan taya ba. Ka koyi taɓa birkin gaba da yatsa biyu. A rairayi ka ja jikinka baya, kada ka saki mai, kada kuma ka ƙanƙame kan babur, bar shi ya yi 'yar rawarsa. Ka ɗan rage iskar taya kafin ka shiga, ka mayar in ka fito kwalta. Yaran unguwa za su taru, za su ƙirga faɗuwarka da ƙarfi, ka yi haƙuri, kyauta suke yi.

La'adata kuma kashi goma ce cikin ɗari na abin da na cece ka daga asara, ka aiko da ita ta hannun direban da ya saba kawo saƙon goggo. In ka ƙi, ranar da aka kawo babur ɗin zan zo Zariya in ɗauke shi, in bar maka hular kwanon, don bawa da abin da ya mallaka duk na ubangidansa ne.